Buhu Bakwai na Shara

Ni ce na ce a kwashe sharar. Gara in faɗi wannan tun da wuri, domin daga baya kowa ya samo wanda zai ɗora wa laifi. Ƙanena ya ɗora wa yaran, maigidana ya ɗora wa tsufa, ni kuwa na san bakin da maganar ta fito, tunda da shi nake cin abinci kullum.

Babanmu direban doguwar motar fasinja ne, shekara talatin da huɗu yana kan hanya. Da ya ajiye aiki sai ya koma wani fili da ya saya tun muna ƙanana, tafiyar awa ɗaya da rabi daga gari. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai itatuwan mangwaro, sai wata gangara mai duwatsu da ta sauka har bakin rafi. Can suka zauna da Mama har ta rasu, shekara shida ke nan, ya ci gaba da zama shi kaɗai. Matar maƙwabcinsa ke kawo masa abincin rana, ni kuma duk mako biyu ina zuwa da kayan shayi da faɗa. Faɗan ɗaya ne kullum: ya taso ya dawo gidana. Ni tela ce, har ɗakin da nake ajiye yadudduka na kwashe, na sa aka yi fenti, na saka gado da labulen da na ɗinka da hannuna. Ya zo sau ɗaya, ya shafa labulen ya ce ɗinki ya yi kyau, ya koma filinsa a motar yamma.

Ana nan sai wata malamar makaranta ta je masa. Tana da wata ƙungiya da ke ɗaukar yaran unguwannin cikin gari, irin waɗanda gidajensu ke manne da juna, ta kai su waje ranar Asabar su ga itace da ruwa mai gudu. Matsalarta wurin zuwa. Ta roƙi masu filaye tara duk sun ce a'a, wannan yana tsoron gobara, wancan yana tsoron satar mangwaro. Baba kuwa bai bari ta gama bayani ba ya ce su zo. Ta karanta masa takarda, ya sa hannu, filin ya zama na yara duk Asabar ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. Kullum da usur a wuyanta take yawo, don haka na sa mata Mai Usur, kuma ba da ƙauna na sa mata sunan ba.

Da na ji labari na kira shi a waya raina a ɓace.

"Baba, ka san yaran nan ne?"

"Fasinjan da na yi shekara talatin ina ɗauka sanin su na yi?"

"In wani ya faɗa rafi fa?"

"Rafin da ko akuya ba ya ci? Tela, ki bar ni. Na saba jin hayaniya a bayana. Shirun nan ne ke hana ni cin abinci."

Na ce to. Amma a raina na ƙudurta sai na je na ga abin da idona, kuma na san zan samo abin kushewa, don ban taɓa neman sa na rasa ba.

Sai da suka yi wata uku suna zuwa sannan na samu Asabar ɗin da babu ɗinkin gaggawa. Na iske yara wajen ashirin, maza da mata, daga masu shekara goma sha biyu zuwa sha biyar, sun kafa tantuna uku a gindin mangwaro. Wasu na koyon hura wuta ba kananzir, wasu sun zauna da guntayen igiya a cinya suna koyon ƙulli iri-iri, harshe a waje. A bakin rafi sun dasa 'ya'yan lemo goma sha biyu, kowanne da sunan mai shi a jikin katako. Baba yana kan kujerarsa a rumfa, suna ta zuwa suna kiran sa Kaka. Wata yarinya ta kawo masa ganye, ya murza ya shinshina ya faɗa mata sunan itacen. Wani yaro ya tambaye shi ko ya taɓa yin hatsari, ya ce sau ɗaya, ranar da ya yi aure. Dariyar da ya yi a ranar rabona da jin irinta tun Mama tana da rai. Na ji daɗi, na kuma ji haushi da ba a gidana yake yin ta ba.

Abin kushewar kuwa na same shi a hanyar rafi. Ni da ma ba na sauka can, a rumfa nake zama in yi faɗana in tafi. Ran nan da na bi yaran sai na ga abin da ya sa na ji kamar in nutse. Tun daga bayan ɗaki har bakin ruwa, ko'ina tsummoki ne a ɗaure a jikin rassa, ja da rawaya, rana ta ci wasu har sun koɗe. Ga gwangwanayen madara an rataye su bibbiyu da waya suna ta ƙarau-ƙarau. Ga kwalabe an kife a kan sanduna. Ga tsohuwar taya an binne rabinta an shafa mata farin fenti. Tsummokin ma na gane su, daga shagona suka fito. Shekara biyu da suka wuce ya ce in riƙa tara masa ƙyallaye, ja da rawaya kawai. Ina da allura a baki lokacin, na ce na me, ya ce na tsuntsaye. Ban sake tambaya ba, na riƙa cika masa leda.

Abin da ya zo min a rai shi ne iyayen yaran nan. Za su ga hotuna su ce tsoho yana da 'ya'ya amma sun bar shi a juji.

Ƙungiyar tana da doka: awa ta ƙarshe kafin su tafi, sai sun bar wuri ya fi yadda suka same shi. Da lokacin ya yi Baba ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Yara suka sa safar hannu suka fara tsince-tsince a wajen tantuna, inda ko tsinke babu. Na je na samu Mai Usur.

"Malama, ga shara can a hanyar rafi tana kallon ku, kuna nan kuna sharar wurin da yake fes."

Ta ce, "Kaka ya ce mu bar masa wannan hanyar. Tun ranar farko ya faɗa."

"Kunya ce irin tasa, ba ya son ya wahalar da baƙi. Ni 'yarsa ce, na fi ki sanin sa. Ku kwashe, zai ji daɗi."

Ta kalli ƙofar ɗakin. Na ƙara da cewa ai ba ta taɓa ganin wanda ya yi fushi don an share masa gida ba. Sai ta hura usur.

Kai, yaran nan sun yi aiki. Sun hau itace, sun kwance waya da ta yi tsatsa, sun tuge sanduna, huɗu suka taru suka haƙo tayar suka garo ta sama suna waƙa. Cikin awa ɗaya hanyar ta zama kamar ba a taɓa taka ta ba. Buhu bakwai suka jera a gaban rumfa, suka tsaya a bayansu gumi na zuba, kowa baki har kunne. Aka kira Kaka.

Ya fito yana gyara hula. Mai Usur ta ce yara sun yi masa kyauta. Ya matso, ƙafarsa ta taɓa buhun farko, ya sunkuya ya zura hannu ciki. Gwangwani ya yi ƙara. Hannun ya daɗe a cikin buhun, har yaran suka fara kallon juna. Sannan ya miƙe ya ce, "Kun yi aiki. Allah ya yi muku albarka." Suka tafa. Aka loda buhunan a bayan motarsu, ni ma na samu wuri a ciki, na koma gida ina yabon kaina.

Ranar Talata da la'asar matar maƙwabcin ta kira ni. Ta kawo abinci da rana ba ta same shi ba, ta dawo bayan awa biyu kwanon yana nan yadda ta ajiye. Mijinta ya bi sawu, ya same shi can ƙasan gangara, nesa da hanya, a cikin ƙaya. Ya gurɗe ƙafa, dutse ya yanke masa ƙwauri, bokitinsa na gefe. Tun hantsi yake zaune a wurin. Lahadi da Litinin bai fita ba, ranar Talata ya ce lemon yaran zai bushe in ba a ba shi ruwa ba.

A asibiti bayan an ɗaure ƙafar, likitan ya haska idonsa da 'yar fitila, ya sake haskawa, ya tura mu wajen likitar ido. Ita ce ta fitar da ni waje ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun yaushe me? Ta dube ni irin kallon da nake yi wa mai kawo yadi ɗaya ta ce a fitar mata da riga da zane. Ta ce idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama haske kawai yake gani da launi mai ƙarfi, kuma jijiyar ce ke mutuwa, ba abin da aiki zai gyara. Ta ce abin ya kai shekara biyu, ko fiye.

Na zauna a bencin asibitin abubuwa suna ta dawo min. Ya daina karanta jarida, ya ce duk ƙarya ce. Ya daina zuwa gari shi kaɗai, ya ce direbobin yanzu ba su iya tuƙi ba. In zai zuba shayi sai ya sa yatsa a bakin kofi, har na taɓa yi masa faɗa na ce ƙazanta ce. Takardar Mai Usur ma karanta masa aka yi. Ni da nake gane an karkace ɗinki daga tsallaken titi, ubana ya makance a gabana ban gani ba, saboda duk zuwan da nake yi bakina ne ke aiki.

Da na koma ciki yana zaune a bakin gado, ƙafa a naɗe. Na ce, "Baba, tsummokin nan."

Ya ce, "Alamun hanya ne." Ya faɗa a hankali, kamar mai koya wa sabon yaron mota. "Ja, akwai kwana. Rawaya, gangara ce, a rage gudu. Kwalba tana ƙyalli da safe, ita ke nuna min na miƙe daidai. Ranar da hadari ya rufe rana ba na ganin komai, sai in bi ƙarar gwangwani. Tayar kuma tasha ce, nan nake hutawa. Tun ina gani na fara kafa su, ɗaya bayan ɗaya. Na san ranar tana zuwa."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Da na faɗa, da yanzu shekarata biyu a ɗakin nan mai labule."

Gaskiya ya faɗa. Na ce, "Ni ce na sa su kwashe. Malamar ta ce ka hana, na ce na fi ta sanin ka."

"Na sani. Ina kwance na ji muryarki. Muryarki ba ta ɓuya."

"Ka ji, kuma ba ka fito ba?"

"In na fito na hana, sai na faɗi dalili. A gabanki, a gaban yara ashirin." Ya shafa gwiwarsa. "Na ce a raina ƙila ƙafata ta haddace hanyar. Ashe ba ta haddace ba."

Daga nan ya ce ya yarda, in kai shi gidana. Amma da sharaɗi biyu. Filin yana nan na yaran duk Asabar, maƙwabci zai riƙa buɗe musu. Na biyu kuma kada yaran su ji cewa sharar da suka yi ce ta jawo. Ya ce da zuciya ɗaya suka yi, kuma yaron da ya yi alheri aka nuna masa ɓarna ya yi, da wuya ya sake miƙa hannu.

Haka na samu abin da na yi shekara shida ina nema, kuma ban taɓa samun abu mai ɗaci irinsa ba. Baba ya zama baƙo a gidana. In an kawo ruwa ya ce na gode, in an kawo abinci ya ce na gode, ya ci loma uku ya ture. Mutumin da ke musu da rediyo ya daina kunna ta. Ƙanena ya kira daga inda yake aiki ya ce madalla, yanzu hankalin kowa ya kwanta, ya kuma ce a rufe filin kafin yaran su kashe wani. Maigidana ya sayo kujera mai laushi aka sa a ƙofar ɗaki, Baba ya gode masa, bai zauna a kai ba. Ranar Asabar ta farko na leƙa da safe na tarar ya yi wanka ya sa hula, yana zaune a bakin gado hannu a gwiwa. Na ce ina za a je? Ya ce babu, mantawa ya yi.

A mako na biyu na kasa jurewa. Na kwaso ƙyallaye daga shago na zube masa a gado, na ce in ƙafa ta warke mu koma mu sake ɗaurawa, ni zan hau itacen. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ɗauki ɗaya ya kai dab da idon dama, ya juya shi wajen taga.

"Wannan jan ya yi kyau," ya ce. "Irinsa ake so a kwana."

Rawaya ne a hannunsa, rawaya zalla, ragowar rigar wata amarya. Na ce e, ya yi kyau. Na tattara ƙyallayen na fita, na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji ni. Ashe ko da ban sa an kwashe ba, alamun nasa sun kusa daina yi masa magana. Wannan bai rage min laifi ba, ya dai nuna min cewa mayar da abin da na ɓata ba zai isa ba.

Akwai igiyar shanya a tsakar gidana, daga ƙusar da ke ƙofar ɗakinsa zuwa bakin famfo. Wata safiya, bayan ƙafar ta yi sauƙi, na fito da kwandon wanki sai na tsaya cak. Baba ne, hannunsa ɗaya a kan igiyar, yana tafiya. Taku takwas ya kai famfo, ya juya, taku takwas ya dawo. Ba lalube, ba jan ƙafa, kai a sama, kafaɗa a miƙe, kamar wanda ake jira a wani wuri. Ya yi haka ya fi sau goma bai san ina nan ba. Na ajiye kwandon a hankali na koma ɗaki na nemo lambar Mai Usur.

Na je har makarantarsu na same ta lokacin hutun tara. Baba ya ce kada yara su ji, bai ce malama ba, da wannan na kare kaina. Na faɗa mata komai. Ta daɗe tana juya usur ɗin a hannu.

"Ya hana ni," ta ce. "Shi ne mai wurin, ya hana ni, na bi maganarki."

"Laifina ne."

"Naki daban, nawa daban. Kada ki ɗauke min nawa." A nan na fara ganin girmanta. Ta ce a ganinta ya kamata yaran su sani, don su koyi tambaya kafin su taɓa abin mutane. Na ce na yi alkawari. Ta ce to. Sannan na faɗa mata maganar igiya, na ce daga ɗaki zuwa rafi zai kai taku ɗari huɗu, ni kuma ban iya kafa turke ba. Ta ce, "Wata uku muna koya musu ƙulli, ba su taɓa ɗaure abin da wani zai dogara da shi ba."

Shawo kan Baba ya fi sayen igiyar wuya. Ya ce in za a ja igiya dole yara su san dalili. Na ce e, dole. Ya kwana biyu yana juya maganar. Ranar Juma'a da yamma ya ce in goge masa farar rigarsa.

Da muka sauka daga mota ranar Asabar yaran suka yo kansa da gudu, Mai Usur ta hura usur kafin su kayar da shi. Ya tsaya a gaban rumfa, sanda a hannu, ya ce yana da sanarwa.

"Idona ya yi ritaya," ya ce. "Ya yi aikinsa, ba na ƙorafi. Amma direba bai yi ritaya ba. Ina neman ma'aikatan hanya."

Can wata yarinya doguwa, wadda na tuna ita ta fi kowa hawan itace ranar shara, ta ce a hankali, "Kaka, tsummokin nan da muka cire..."

Na ga Mai Usur ta sunkuyar da kai.

"Tsohuwar hanya ce," in ji Baba. "Da ma ta gama aiki, lokacin rufe ta ya yi. Sabuwa za mu buɗe. Wa ya iya haƙa rami?"

Hannuwa suka tashi. Yarinyar ba ta ɗaga nata ba, ta tsaya tana kallon sa. Ban san iya abin da ta gane ba, amma ranar ba ta ci abincin rana ba sai da ta bi kowane turke ta jijjiga shi da ƙarfinta, wanda ya motsa ta sa aka sake haƙawa.

Ni na riƙe masa hannu muka bi hanyar, yana faɗin inda za a kafa. Turke arba'in da uku, kowanne da zoben ƙarfe a kai, aka zura igiyar ciki aka ja ta tamau, tsayinta daidai ƙugunsa, da tef ɗina na awo na auna. Sannan ya ba su dokokin hanya, suka riƙa ƙulla siririyar igiya a jikin babbar. Ƙulli ɗaya, kwana. Biyu, gangara. Uku, an iso ruwa, a taka birki. A tsakiya ya sa aka ajiye kututture a madadin tayar, ya ce hanya ba tasha ba hanya ba ce. Yana bi yana shafa ƙullin yana ba da maki. Ya ce wannan bahago ne ya ɗaure, wani yaro ya yi tsalle ya ce shi ne. Ya ce wannan kuma mai shi yana sauri zai je cin abinci, a sake. Lemo biyu sun bushe cikin goma sha biyun, masu su suka yi ta ɓata rai har ya yi musu alkawarin wasu.

Ƙanena da ya ji Baba zai koma zama a filin ya ce na haukace, tsoho makaho a daji da igiya. Ban yi musu da shi ba, don ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. Na roƙi matar maƙwabci ta riƙa leƙowa safe da yamma, na saya masa waya mai manyan maɓallai na rataya masa a wuya, na mayar da zuwana duk mako. Gadon da ke ɗakin nan mai labule ban cire shi ba, kuma shi ma ya san ban cire ba. Likita ta ce hasken da ya rage ma tafiya zai yi. Wata rana zai dawo ɗakin, mu duka mun sani, ba ma dai faɗa.

Ranar da aka ja igiyar, da motar yaran ta tafi, rana ta yi sanyi, Baba ya laluba bayan ƙofa ya ɗauko bokitinsa. Ya ce lemo na jira. Na miƙe na kama gwiwar hannunsa ba tare da na yi tunani ba.

"Fasinja," ya ce, "koma ki zauna."

Na sake shi. Ya ɗora hannu a kan igiyar ya kama hanya, yana ɗan ɗingishi, bokiti na lilo. Na ga ya kai ƙulli na farko ya karya kwana, na ga hularsa tana sauka a gangara, daga nan itatuwa suka rufe shi. Ƙafata har ƙaiƙayi take in bi shi. Ban zauna ba, ban kuma bi shi ba. Na je turken farko da ke bayan ɗaki na ɗora yatsu biyu a kan igiyar.

Tana rawa kaɗan-kaɗan, daidai takunsa. Tun ina ji sosai har ta koma sai na riƙe numfashi nake ji. Sannan ta tsaya.

Na san ya kai ruwa, na san lemo goma ne kuma bokiti ɗaya ne, aikin zai ɗauki lokaci. Sanin bai hana ni tsoro ba. Na tsaya a wurin yatsuna a kan igiya, inuwar mangwaro ta matso ta wuce ƙafata, ban kira shi ba, ban kira kowa ba. Ni da ba a taɓa raba ni da magana ba, ranar na yi shiru har bakina ya bushe.

Sai igiyar ta motsa.